Dorinar Babana

Sai da na haura shekara arba'in kafin na ga kamannin dabbar da aka yanko bulalar gidanmu daga jikinta. Ita bulalar kuwa tun ina rarrafe nake ganinta a zaure, rataye a jikin wani ƙahon gada da aka kafe a bango, sama da inda ake ajiye sirdi. A gidanmu ba a ce mata bulala. Dorina muke cewa. Tsawonta bai fi kamu biyu ba, baƙa ce wuluk saboda mai da zufar hannu, kauri daga gindi, tana sirancewa har baki. An naɗe mariƙinta da jar fata, da ɗan maɗauri da ake zura wuyan hannu a ciki.

Babana mutumin doki ne, amma ba na ado ba. Goɗiya gare shi, ja mai farin goshi, kuma aikinsa da ita kai littattafai. A wancan zamani, in malamin da ke Bakura ya ji labarin wani littafi yana hannun wani malami a Maradun, ba shi da inda zai saya. Aro zai yi, a kwafe da hannu, a mayar wa mai shi. Babana ne mai kaiwa da komowa. Ya rataya gafaka, ya lulluɓe ta da buzu saboda ruwan sama, ya bi ta Mafara, ya yada zango a Tsibiri gidan wani amininsa manomi, da safe ya ƙarasa. Malaman su sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Da damina kuma ya koma gonarmu ta kusa da Garbadu.

Abin duka yana da sunaye da yawa a wajenmu, kuma kowanne da muhallinsa. Tsumagiya reshe ce, ta tsamiya ko ta geza, a zage ganyen a kaɗa jaki, in ta karye a karyo wata. Bulala suna ne na gama-gari, duk abin da ke lanƙwasa ya yi zafi a jiki ya shiga ciki. Tsofaffinmu kan ce kurfo. Dorina ita ce ta fata ta gaske, wadda ake gado, kuma a gidajen masu doki ake samunta.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ban taɓa ganin babana ya daki goɗiyar nan da ita ba. In ya hau, dorinar tana kwance a kafaɗar goɗiya. In yana son ta karkata, sai ya ɗora mata ita a wuya ta ɗaya gefen, ta karkata. In yana son ta ƙara sauri, ya ɗaga ta kaɗan yadda goɗiyar za ta hango inuwarta. In kuwa wani abu ya tsorata ta, gada ko kututturen icce a bakin hanya, ba ya tsawa. Murya yake saukewa, ya riƙa yi mata magana kamar mai gaida tsohuwa, yana shafa mata bakin dorinar a kafaɗa har ta daina rawar jiki. Ya sha gaya mini cewa nuni ake yi da ita, kuma duk mahayin da ka ga ya kai ga duka, to tun can baya ya ɓata hawansa.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. "Kai, wanga," yake ce mini, ko ina yaro, ko da na yi furfura.

Tun ina ƙarami na ji an ce dorina dabba ce ta ruwa. Ba wanda ya kwatanta mini ita, ni kuma ban tambaya ba, saboda a ganina na riga na gane. Abin da ke rataye a zaurenmu dogo ne siriri mai tsini, to me zai zama in ba wutsiya ba? Sai na ƙera dabbar a raina: wata irin ƙatuwar guza, doguwa, mai santsi, tana kaɗa wannan wutsiya a cikin gulbi. Da wannan dabbar na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya.

Sai aikin madatsar Bakolori ya zo. Mutanen sama, wajen Maradun, aka ce musu ruwa zai ci gonakinsu. Mu na ƙasa aka ce mu dakata da shuka, za a baje ƙasar, a haƙa hanyoyin ruwa, sannan a mayar wa kowa tasa. Katafila ta shiga gonarmu ta tuge ɗorawar da kakana ya bari, ta shafe iyaka, har na kasa nuna inda gonar ta fara da inda ta ƙare. Damina ta zo ta wuce ba mu saka iri a ƙasa ba. Goɗiyar ta daɗe da mutuwa a lokacin, babana kuma idonsa ya yi rauni, yana wuni a zaure da carbi. Shi da matata da yara duk suna kaina, rumbu kuwa kullum ƙasa yake yi.

Akwai wani ɗan kwangila ƙarami da ya kafa yadi a bakin hanyar Mafara zuwa Bakura, yana kai duwatsu da tsakuwa inda ake daɓe hanyoyin ruwa. Kowace safiya mutane kan taru a ƙofar yadin, heluma, wato shugaban leburori, ya zaɓi waɗanda ake bukata, saura su watse. Heluman nan sa'ana ne, mun san juna tun muna samari a kasuwar Talata. Ba mugu ba ne. Mutum ne da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, sama ana matsa masa, ƙasa ana roƙonsa. Na je na same shi, muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da wagga furfura, dakon tsakuwa a kwanon sarki zai kashe ka. Gadi nika so in ba ka. Ka tsaya min ƙofa da safe, da rana ka zauna inuwa."

Na yi godiya.

"Amma an ce gidanku akwai dorina ta gaske. Da ita za ka taho."

Na ce, "Ta doki ce fa."

Ya yi dariya. "Ƙofar ga ma doki ce, malam. Ka zo gobe ka ga tutsu."

Na koma gida na tsuguna gaban babana na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi. Ya san abin da ya rage a rumbu, ko da ba ya gani sosai, domin yana jin yadda tuwon ke raguwa a akushi.

Can ya ce, "Kai, wanga. Dorinar ga ta ubana ce. A hannunai ba ta daki mutum ba, a hannuna ba ta daki mutum ba. Ban hana ka ɗauka ba. Amma yadda ka ɗauke ta, haka nika son ka maido min ita."

Na ce in Allah ya yarda. Na sauke ta daga ƙahon, na zura hannuna a maɗaurin. Na san tun a lokacin cewa abu biyu na riƙe da hannu ɗaya, abincin gidana da maganar ubana, kuma wata rana ɗaya zai iya neman in saki ɗaya.

A kwanakin ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Rashin gona ya ba ni abin da ban taɓa samu ba, wato la'asar da ba ni da aikin yi. Ana yin ajin a makarantar firamare ta Mafara bayan yara sun tashi. Mu manya mu matse a bencinsu, gwiwoyinmu na dukan tebur. Na yi allo ina yaro, na san baƙaƙen Larabci, amma boko ban san ko alif ɗinsa ba. Malaminmu saurayi ne mai haƙuri, yana ce wa kowannenmu baba, mu kuma mu ce masa malam, kowa ya riƙe girmansa.

Yana da wasu manyan takardu masu hoto, kowane baƙi da hotonsa. Ranar da muka kai baƙin "d", ya rataya takardar a jikin allo. Sai ga wata dabba ƙatuwa kamar rumbu ya kwanta, ƙafafu gajeru, kunnuwa ƙanana, baki kamar ƙofar zaure.

Ya ce, "Wa zai gaya mini sunan wannan?"

Wani mahauci da ke zama kusa da ni, mutum mai barkwanci, ya ce, "Malam, ko mi ne ne sunanai, a kawo min shi ranar Talata."

Aka yi dariya. Malam ya nuna rubutun da ke ƙasa ya karanta a hankali, "Do, ri, na. Dorina."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Gafarta malam, a nan dai mai zanen ya yi kuskure."

"Ina kuskuren, baba?"

Dorinar tana tare da ni, domin daga yadi na wuto. Na ɗaga ta na ce, "Ga wutsiyar dorina a hannuna. A dubi ta wanga abu. Ko ta akuya ta fi ta."

Aji ya kaure. Rabin mutanen suna bayana, domin ashe ba ni kaɗai na girma da waccan ƙatuwar guzar ba. Wani ya ce shi an gaya masa kamar maciji take. Wani ya ce ai wannan na hoton giwa ce aka yanke wa hanci. Malam ya yi murmushi ya ce shi ma bai taɓa ganinta ido da ido ba, amma ya tabbata hoton daidai ne. Sai wani masunci da ke can baya, wanda ya taho daga wajen Yawuri saboda jin za a tara ruwa, ya yi gyaran murya. Ba mai yawan magana ba ne.

Ya ce, "Ita ce. Na gan ta a gulbin Kwara, ta kife jirgin maƙwabcinmu. Abin da ke hannunka ba wutsiya ba ce, fatar bayanta ce."

Mahaucin ya karɓi dorinar, ya lanƙwasa ta, ya kai hanci, ya matsa da farce. Ya ce, "Wallahi fata ce. Wutsiya da ƙashi a ciki. Kai dai shekara arba'in kana riƙe da bayan dabba kana ce mishi gindi."

Har malam sai da ya dafa allo don dariya. Ni ma na yi, domin abin ya cancanci dariya. Ranar na rubuta kalmar da alli, baƙi uku da wasali uku, kuma ita ce kalma ta farko da na rubuta ban kalli ta malam ba.

Da na koma gida na ba babana labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wa ya ce maka wutsiya ce?"

Na ce, "Ba kowa."

"To don mi ba ka tambaya ba?"

"Na ɗauka na sani."

Ya miƙo hannu na ba shi dorinar. Ya ce ubansa ya same ta wajen fatake da suka taho daga kudu. Daga gadon bayan dabbar ake yanko fatar, tsiri-tsiri, kuma tana ɗanya kaurinta ya kai yatsu uku a haɗe. A shanya ta ta bushe kamar icce, a feƙe ta da wuƙa har ta zama kewayayya, a yi ta shafa mata mai har ta yarda ta lanƙwasa. Sunan dabbar ne ya bi fatar har ya zauna a kan bulalar. Ya ce abin da ya sa mahaya ke sonta nauyinta ne. Ba ta yawo a iska kamar tsumagiya, inda ka ajiye ta nan take zama, doki kuma yana jin ta ko ba ka motsa hannu ba.

Sannan ya ce, "Fatar da mashi ke wahala kafin ya huda ta, ita za a ɗora ma bayan ɗan Adam? Tsaga shi za ta yi kamar kabewa. Ka ga hoton mai ita yau. To ka riƙa tunawa."

Na riƙa tunawa kuwa. A da, in na riƙe ta, siririn abu nake ji a hannuna. Daga ranar nan duk na ɗaga ta sai in ga wannan ƙaton bakin da wannan gadon bayan.

Aikin ƙofa ya tafi lafiya na wani lokaci. Mutane su taru, in tsaya da dorina a hannu, wani lokaci in buga ta a jikin ƙarfen ƙofar ta yi ƙara, su ja baya. Yawancinsu na san su ko na san iyayensu. Suka laƙaba mini mai dorina. Wasu su ce, "Mai dorina, a taɓa mu da ita mana ko ma samu shiga." In ce su bari sai sun yi kofato. Heluma yana jin daɗi, gidana ana ɗora tukunya.

Sai wata Laraba, washegarin kasuwa. A kasuwar ne labari ya bazu cewa za a ɗauki mutane da yawa saboda daɓen babbar hanyar ruwa ta wajen Bakura. Ban san wanda ya fara faɗa ba, kuma labarin ya fi gaskiyar girma. Da na iso bayan sallar asuba, ban ga ƙofar ba saboda mutane. Na Garbadu, na Bakura, har da na Tsibiri da ƙauyukan Maradun da suka kwana a hanya. Da ƙyar na kutsa na shiga ciki aka rufe.

Ƙofar ta bututun ƙarfe ce da waya. Gari na wayewa ta fara lanƙwasowa ciki. A bayana tifa ce cike da duwatsu, direba ya tayar da ita yana ta hon, dole ta fita domin magina na can suna jira. Heluma ya hau kan wata gangar mai yana ɗaga murya ba mai jinsa. Sai ya juyo gare ni.

"Mai dorina! Mi kake jira? Zabga musu! Buɗe min hanya!"

Na buɗe ƙaramar ƙofar gefe na fita, bayana na jingine da ƙarfe. Na ɗaga hannu, dorinar ta yi sama. Na gaba suka runtse ido suka kare fuska, amma ba su ja baya ba, domin ba su da inda za su ja. Ba su ke turi ba, turo su ake yi daga baya, na bayan ma wasu ke turo su. Na dubi idanunsu, sai na ga abin da na sha gani a idon goɗiyar babana in ta zo bakin gada. Ba taurin kai ba ne. Tsoro ne, na kada a ɗauki wani a bar su su koma gida hannu biyu.

Wanda ke daidai gabana, hularsa ta faɗi, gemunsa fari fat, ɗan aminin babana ne na Tsibiri. Ya girme ni. In babana ya sauka gidansu, shi ke karɓar ragamar goɗiya ya kai ta turke ya kawo mata ruwa. Ya san dorinar nan tun kafin in san ta. Ya dube ta a sama, ya dube ni.

Na sauke hannuna a hankali, na ɗora masa bakin dorinar a kafaɗa, yadda babana ke yi. Na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na yi masa sallama.

Ya amsa.

Da yake yayana ne a shekaru, ba zan gaishe shi a tsaye ba. Na tsuguna a ɗan wurin da ya rage. Shi ma, da yake mutumin kirki ne, ba zai bar ni a tsugune yana tsaye ba, ya lallaɓa ya tsuguna.

"Ina kwana, yaya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiyar hanya?"

"Ba gajiya."

"Ina mutan Tsibiri?"

"Suna lahiya. Ina tsoho? Yaya idon nai?"

"Da godiya. Kullum sai ya yi zancen gidanku."

"Allah sarki. Allah shi ƙara mai lahiya."

"Amin. Ina iyali? Ina yara? Yaya aka ji da ruwan ga da aka ce yana tahe?"

"Sai haƙuri."

Heluma yana ta kiran sunana daga kan ganga, ban waiwaya ba. Na bi gaisuwar nan daki-daki, ban tsallake kome ba, har dabbobi na tambaya. Mutum ba ya iya amsa gaisuwa yana turi, na kusa da shi ma ba ya iya turin mai gaisuwa. Na gefensa biyu, mutanen garinsu, suka tsuguna su ma, domin na juya na gaishe su. Na bayansu suka ga na gaba sun yi ƙasa, suka ɗauka an fara zaɓe ne kuma an ce sai wanda ya zauna za a ɗauka. Suka zube. Na bayan waɗannan suka ɗauka addu'a ake yi, har wasu suka ɗaga hannu suna amin. Haka abin ya bi taron nan har ƙarshensa, kamar iska ta bi ta kan gero.

Da na miƙe, kowa na ƙasa, ni kaɗai ke tsaye. Na ce, "Ina mutan Garbadu?" Suka amsa. Na nuna musu gindin wata bishiyar bedi da dorina, suka koma can. Na nuna wa na Bakura gefen hagu, na Tsibiri da na Maradun gefen dama. Hanya ta buɗe, tifa ta fita.

Ba zan ce kome ya tafi daidai ba. Abin ya ɗauki lokaci, rana ta ɗaga sosai. Wasu samari sun tsallaka waya ta baya ina can ina gaisuwa. Waɗanda aka ɗauka ranar ba su kai rabin rabin taron ba, saura suka koma, ciki har da ɗan aminin babana, wanda aka ce ya tsufa. Kuma mai kwangilar ya iso a motarsa ya tarar da tifa ba ta daɗe da fita ba, ya yi wa heluma faɗa a gaban mutane.

Da rana heluma ya kira ni bayan ofis. Bai yi mini tsawa ba. Ya gaji ne kawai.

"Na ce ka buɗe min hanya, ka tsuguna kana tambayar lahiyar awakin Tsibiri."

Na ce, "Hanya ta buɗe."

"Ta buɗe da hantsi. Ni da sassafe nika son ta." Ya share zufa. "Gobe in sun dawo fa? Gaisuwar za ka sake? Sun gane ka yanzu. Sun san ba ka duka."

Na ce, "Gaskiya ne, ba na duka. Ba da wagga ba."

"To da wace?"

Amsar ita ce ba da kowace ba, shi ma ya sani.

Ya ce, "Ba ni iya barinka a ƙofa. Ba ni kuma son in kore ka, na san gidanku. Kwanon sarki ya rage. In kana iyawa."

Na ce ina iyawa. Na san ladan bai kai na gadi ba, na kuma san wuyana zai gaya mini, amma tukunya ba za ta sauka gaba ɗaya ba. Muka yi musafaha. Har yau in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa, yakan ce in taƙaita kada tifa ta makara.

Wanda aka sa a madadina ya zo da tasa, wani tsiri da aka yanko daga tsohuwar tayar mota. Kafin a jima kowa na ce mata dorina. Na gyara wa mutum ɗaya ko biyu, na ce wannan roba ce, ba ta taɓa ganin gulbi ba, sai na ga ba mai saurarena. Daga shekarun nan ne na lura kalmar ta sauya gida a bakin mutanenmu. Dawaki suka ragu, babura suka yi yawa. Yaran yanzu in ka ce dorina, ba sirdi suke tunawa ba, ba kuma dabbar ruwa ba. Abin da mai tsaron ƙofa ke riƙewa suke tunawa. Ban ce sun yi ƙarya ba, abin da suka gani ke nan. Amma ni na ga na gaba da shi, shi ya sa da hannuna ya iya rubutu na ga ya kamata in ajiye yadda abin yake.

A waccan Larabar, ban je aji ba. Na wuce gida kafin la'asar. Babana yana zaure a kan buzunsa. Na yi sallama, na tsuguna, na sa masa dorinar a hannu. Ya bi ta da yatsu tun daga mariƙi har baki, a hankali, kamar mai duba ƙafar doki.

"Ta daki mutum?"

"Ba ta daka ba. Amma ta taɓa kafaɗar ɗan amininka na Tsibiri, yadda kake taɓa goɗiya."

Ya ɗaga kai. "Ya tsaya?"

"Ya tsaya. Yana gaishe ka."

"Ina amsawa." Ya miƙo mini ita. "To aikinta ke nan. Rataye ta."

Na mayar da ita jikin ƙahon. Ina juyowa ya ce, "Kai fa?"

"An mayar da ni kwanon sarki. Gobe zan fara."

Ya murza carbi. Sannan ya nuna kusurwar da tsohon sirdin yake, ya ce in ɗaga shi. A ƙarƙashinsa akwai ƙyallen nan mai kauri da yake shimfiɗa wa goɗiya a baya kafin ya ɗora sirdi, har yanzu da warin doki a jikinsa.

Ya ce, "Kai wa matarka ta naɗa maka gammo da shi. Ta yi shi da kauri. Bai taɓa bari bayan goɗiya ya yi gyambo ba."